Yankan Katako Da Hasken Leza: Sanin Icce Ya Fi Ƙarfin Na'ura

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta wajen 'yan katako a Sabon Garin Zariya ya san ƙarar injin zarto da ƙurar da take tashi, ya kuma san cewa tun fil azal haƙorin ƙarfe ne yake raba katako gida biyu. To, a 'yan shekarun nan wata ƙaramar na'ura ta fara shiga hannun matasa masu sha'awar ƙere-ƙere, wadda ba ta da haƙori kuma ba ta da kaifi, sai wani siririn haske shuɗi da take zane da yanka da shi. Wannan ita ce na'urar leza mai dayod. Girmanta bai wuce saman teburin ɗalibi ba, ana yin odarta ta intanet, kwamfuta ce take ba ta umarni, kuma wutar da take sha kaɗan ce, har batirin sola yana iya ɗaukarta. Da irinta ake zana suna a allon karramawa, a yanka maƙalin makulli da kayan rabon biki, ko ƙananan sassan samfurin gini irin wanda ɗaliban zanen gine-gine suke harhaɗawa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Sai dai kuma kukan masu wannan na'ura kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Zane yana fita raɗau, amma da an zo yanka sai hasken ya kasa ratsa katakon, ko ya ratsa wani wuri ya bar wani, ko kuma bakin yankan ya ƙone ƙurmus ya riƙa ɓata hannu da baƙi. Shawarar da aka fi bayarwa a irin wannan hali ita ce a sayar da mai wat 5 a sayi mai wat 10, in ta ƙi a koma mai wat 20. Wannan shawara ce mai tsada, kuma sau da yawa ba ta taɓa tushen matsalar. Abin da ya kamata a fara gyarawa shi ne sanin da mai na'urar ya yi wa iccen da yake yankawa, da yanayin garin da yake zaune, da kuma yadda ake yin gwaji a rubuta sakamako. Waɗannan kuwa duk darussa ne da suke cikin manhajar sakandare, a ilimin halittu da fiziks da lissafi.

Asalin Hasken

A shekarar 1917 Albert Einstein ya yi bayanin cewa haske yana iya zuga ƙwayar zarra ta saki wani hasken mai kama da shi sak. Sai a watan Mayun 1960 Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a jihar Kalifoniya ta Amurka, da sandar yakutu. A 1962, wato shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, Robert Hall na kamfanin General Electric ya fito da leza mai dayod, wadda haskenta yake fitowa daga ɗan guntun sinadari idan wutar lantarki ta ratsa shi. A 1964 kuma Kumar Patel ya ƙera leza mai iskar kabon dayokzayid, wadda manyan injunan yankan katako da roba suke aiki da ita har yau. Shuɗin haske daga dayod shi ne ya daɗe yana gagarar masana, har sai da 'yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka shawo kansa, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Dayod ɗin da ke cikin 'yar na'urar kan tebur jikan wannan bincike ne.

Tsawon zangon haskenta kimanin nanomita 450 ne, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Na leza mai iskar kabon dayokzayid nanomita 10,600 ne, ido ma ba ya ganinsa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin abu ba ya ɗaukar zafi daga hasken da ya wuce ta cikinsa ko wanda ya mayar waje, sai daga wanda ya shanye. Shi ya sa shuɗin haske yake wucewa ta cikin roba mai garai-garai ba tare da ya yanka ta ba, komai yawan wat ɗin na'urar.

Yadda Haske Yake Yanka

Leza ƙona icce take yi a kan wani siririn layi, har abin da ke kan layin ya zama hayaƙi da tururi. Duk ɗalibin da ya taɓa tara hasken rana da gilashin ƙara girman rubutu ya huda takarda ya riga ya ga ainihin aikin, wato matse haske a wuri ƙanƙane. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, hasken da yake sauka a kan murabba'in mita ɗaya ya kai kimanin wat 1,000. Na'ura mai wat 10 kuwa tana tara nata hasken a ɗigon da faɗinsa kimanin milimita 0.1 ne. In an yi lissafi, wannan daidai yake da wat 1,000 a kan murabba'in milimita ɗaya tak, wato ninki miliyan ɗaya na hasken rana tsaka.

A nan ne lissafi yake tona asirin shawarar sayen babbar na'ura. In kan na'urar ya yi sama ko ƙasa da inda ya kamata, har ɗigon ya faɗaɗa daga milimita 0.1 zuwa 0.2, filin da hasken ya bazu a kai ya ninka sau huɗu, ƙarfinsa a kowane gurbi ya koma rubu'i. Ke nan na'ura mai wat 20 da ba a saita ta ba tana bugun icce da rabin ƙarfin mai wat 10 da aka saita daidai. Mai babbar ya biya kuɗi fiye da ɗan'uwansa, amma aikinsa bai kai nasa ba.

Har ila yau akwai ruɗani a lambar wat ɗin ita kanta. Wasu masu talla sukan rubuta yawan wutar lantarkin da na'ura take sha, ko wata lamba mai daɗin ji, maimakon ƙarfin hasken da yake fita. Na'urar da aka tallata da wat 40 tana iya kasancewa haskenta bai wuce wat 5 ba. Waɗanda kuwa haskensu ya kai wat 20 ko 40 da gaske, haɗa hasken ƙananan dayod da yawa aka yi, kuma sau da yawa ɗigonsu ya fi faɗi. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ƙarfin hasken da faɗin ɗigon.

Kowane Icce Da Halinsa

Katako ragowar jikin bishiya ne, cike yake da ƙananan bututu waɗanda suka ɗauki ruwa daga saiwa zuwa ganye lokacin da take raye. Bangon waɗannan bututu gini ne na sinadarai uku. Na farko shi ne selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen icce, fari ne kamar auduga, domin auduga ma kusan tsantsar selulos ce. Na biyu hemiselulos, na uku kuma liginin, kowanne kimanin kashi 20 zuwa 30. Liginin shi ne kamar simintin da ya riƙe zaren selulos, shi ne yake sa tsohuwar jarida ta yi ɗorawa-ɗorawa in ta sha rana, kuma shi ya fi shanye shuɗin haske. Hemiselulos yana fara rushewa da zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salsiyos, yawancin selulos yana rushewa tsakanin digiri 300 da 400, liginin kuwa a hankali yake ci, kuma shi ya fi barin gawayi. Gawayin nan yana taimakawa da farko, domin baƙin abu yana shan haske, amma in ya taru a cikin ramin yanka sai ya zama katangar da take tare hasken.

Abu na biyu shi ne nauyi. Busasshen iccen rimi, bishiyar da Zariya ta yi suna da ita, nauyinsa kimanin kilo 300 ne a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Obece da ake kawowa daga kudu kimanin kilo 380 ne. Malaina, wato Gmelina arborea da aka shigo da ita daga Asiya, tana wajen 450 zuwa 500. Iroko ya kai kimanin 650, maɗaci ya haura 700, ƙirya kuwa, wadda ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta, tana dab da 1,000. Ma'ana, hasken da zai ratsa maɗaci mai kaurin milimita 3 sai ya ƙone kusan ninki biyu na abin da zai ƙone a obece mai wannan kauri. Wanda ya saita na'urarsa da obece ya ɗora maɗaci bai canza komai ba, sannan ya ce na'ura ta lalace, ya ɗora laifi a inda babu shi.

Bayan nauyi akwai abin da bishiya ta ajiye a jikinta. Maɗaci yana da ƙaro. Iroko yakan tara dunƙulen alli a cikinsa, wanda masu zarto suka sani domin yana dakusa haƙori, kuma alli ba ya cin wuta. Zuciyar icce ta fi gefensa duhu da yawan sinadarai, gurbin reshe kuma ya fi ko'ina tauri. Sai kuma katakon da aka lilliƙa falle-falle, wanda kafintoci suke kira filawud. A cikinsa akwai gam tsakanin kowane falle, akwai ramuka da cike-ciken da ido ba ya gani daga waje. Nau'in da aka yi domin jure ruwa, mai baƙin layin gam a gefensa, shi ya fi ba shuɗin haske wahala. Wannan shi ne dalilin da yanka yakan ratsa nan ya ƙi ratsa can a falle ɗaya.

Teburin saiti da yake zuwa da na'ura an gwada shi ne a kan itatuwan ƙasashen sanyi, irin waɗanda masana suke kira Tilia da Betula. Ba a yi shi da malaina ko maɗaci ko darbejiya ba. Ɗaukarsa a matsayin hukunci na ƙarshe kamar manomin Shika ne ya yi shuka da kalandar manomin Ingila.

Damina Da Hunturu

Icce ko bayan an sare shi an busar bai daina shan laima daga iska yana kuma sakinta ba. A Samaru ruwan sama na shekara kimanin milimita 1,000 ne, kuma kusan dukkansa yana sauka tsakanin Mayu da Oktoba. A watan Agusta laimar iska takan kai kashi 80 cikin 100, a tsakiyar hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon da ya zauna a iska mai laima kashi 80 yana riƙe ruwa kimanin kashi 16 cikin 100 na busasshen nauyinsa, wanda ya zauna a mai kashi 20 kuwa bai kai kashi 5 ba. Kowane magidanci ya ga alamar wannan a ƙofar katako da take cijewa da damina ta saki da rani.

Kafin icce ya ƙone sai ruwan da ke cikinsa ya ƙafe. Mayar da giram ɗaya na tafasasshen ruwa tururi yana cin jul 2,260 na makamashi, wato aikin na'ura mai wat 10 na kusan minti huɗu. Gaskiya ne ruwan da ke kan siririn layin yanka bai taka kara ya karya ba, amma saitin da yake ratsa katako da ƙyar a watan Janairu wannan ɗan ƙarin ya isa ya hana shi ratsawa a watan Agusta. Daɗin daɗawa, siririn katako yana lanƙwashewa in gefe ɗaya ya fi ɗaya laima, da ya lanƙwashe kuwa tsakiyarsa ta fita daga matattarar haske. Ɗanyen katako da aka tsaga kwanan nan ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, malaina kuwa an san ta da jinkirin bushewa. Maganin ba shi da tsada: a ajiye katako a kwance a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle domin iska ta ratsa, a danne da abu mai nauyi, a kuma riƙe saiti biyu, na damina da na rani. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Gyara Huɗu Kafin A Sake Kashe Kuɗi

Na farko, a nemo matattarar haske da gwaji. A jingine guntun katako, gefe ɗaya a ƙasa, ɗayan a ɗage shi kamar santimita biyu, a sa na'ura ta ja miƙaƙƙen layi daga ƙasa zuwa sama. Inda layin ya fi siranta nan ne matattarar, sai a auna tazararsa daga bakin na'ura a rubuta. In zane za a yi, a dasa matattarar a fuskar katako. In yanka ne, a saukar da ita zuwa wajen tsakiyar kaurinsa, ko a riƙa saukar da ita kaɗan-kaɗan bayan kowane zagaye.

Na biyu, a busa iska a bakin yanka. Wannan dabara ta girmi na'urar kan tebur, domin tun a 1967 Peter Houldcroft ya haɗa hasken leza da busa iskar oksijin ya yanka ƙarfe a Ingila. A maƙera zuga-zugi hura wuta yake yi. A nan kuwa babban aikin iska shi ne ta kore hayaƙin da yake tare haske, ta share gawayi daga ramin, ta kashe harshen wuta kafin ya kama, ta kuma kare gilashin na'ura daga kwalli. Famfunan da ake sayarwa domin wannan aiki suna ba da kimanin lita 30 a minti, kuma famfon da masu kiwon kifi suke sa iska a ruwa da shi yana iya taimakawa in yana da ƙarfi. Iskar gari kawai ake nufi. Oksijin na tukunyar masu walda a kan katako gobara ce tsagwaronta. A kuma ɗaga katakon daga kan tebur, a ɗora shi a kan ragar ƙarfe mai kama da saƙar zuma, domin hayaƙi ya sami hanyar fita ta ƙasa.

Na uku, a daidaita gudu da yawan zagaye. Na'ura mai wat 10 da take tafiyar milimita 5 a sakan tana zuba jul 2 a kowace milimita. In tana tafiyar milimita 10 a sakan jul 1 take zubawa, zagaye biyu ke nan ya ba da jul 2 ɗin dai. Makamashin ɗaya ne, amma sakamakon yakan bambanta, domin a tafiyar hawainiya zafi yana samun lokacin yaɗuwa gefe da gefe ya ƙone bango, a zagaye biyu masu sauri kuwa icce yana hucewa tsakani. Masu zanen ƙwarya da zafaffen ƙarfe sun daɗe da sanin haka: hannun da ya yi nawa yakan bar faffaɗan ƙuna, wanda ya wuce da sauri ya maimaita yakan bar siririn layi.

Na huɗu, tsabta da sanyi. Ƙurar hunturu da man hayaƙi suna taruwa a ɗan gilashin da ke bakin na'ura, su rage haske, su kuma ɗauki zafi har gilashin ya tsage. A kashe na'ura a goge shi da auduga mai tsabta da sifirit. Dayod kuma ƙarfinsa yana raguwa in ya yi zafi, rayuwarsa tana gajarta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya yake haura digiri 35, ya fi kyau a yi aiki da safe, a share fankar na'ura, a kuma guji tura ta ƙarshen ƙarfinta awa da awanni.

Ƙa'idar da ta ɗaure waɗannan huɗu ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da ya faru. Wanda ya canza gudu da ƙarfi da tazara a tashi ɗaya, ko ya dace bai san abin da ya gyara ba, gobe kuma sai ya sake lalube.

Abin Da Masu Ja Za Su Ce

Wani zai ce ai ƙarfi yana da ranarsa. Haka ne. Mai wat 20 da aka saita daidai ta fi mai wat 5 da aka saita daidai sauri da zurfi. Wanda sana'arsa ta kai ga yanka ɗaruruwan kaya a mako, ko katako mai kauri sosai, ko roba mai garai-garai, leza mai iskar kabon dayokzayid ce ta dace da shi, wani aikin ma zarto ya fi sauƙi da arha. Abin da ake ja a kai shi ne jerin matakai. Wanda bai iya saita ƙaramar ba, babbar za ta ƙara masa faɗin ƙuna da haɗarin gobara ne kawai, jarinsa kuma ya tafi. Wanda ya tatse ƙaramar iya iyawarta shi ne ya san ranar da ya kamata ya ƙara, ya kuma san abin da zai tambaya a wurin saye.

Wani kuma zai ce na'urar za ta kashe sana'ar masassaƙa. Leza mai dayod ba ta sassaƙa turmi ko akushi, aikinta yana kan siririn katako shimfiɗaɗɗe. Hasali ma ita take bukatar masassaƙi da kafinta, domin su suka san iccen da yake tsagewa da wanda yake lanƙwashewa da wanda yake da ƙaro, ilimin da babu shi a takardar kamfani. Guntayen da kafinta yake zubarwa sun isa yin kayan ado masu yawa, babu dalilin farautar itatuwan da suke ƙarewa irin maɗobiya, wadda yawan sara ya sa ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa.

Ido Da Huhu

Babu gyaran yanka da ya kai darajar ido. Duk lezar da haskenta ya wuce rabin wat tana aji na 4, wato mafi haɗari, mai wat 5 kuwa ta ninka wannan iyaka sau goma. Idon mutum yana da nasa gilashin tara haske, wanda yake matse duk abin da ya shigo a kan tantanin gani da ke bayan ido. Ƙiftawa tana ɗaukar kimanin rubu'in sakan, ɓarnar kuwa tana aukuwa kafin nan, kuma ƙwayoyin ganin da suka ƙone ba sa sake tsirowa. Hasken da ya daki ƙarfe mai ƙyalli ya dawo ma ya isa ya yi lahani. Baƙin tabaran rana ba kariya ba ne. Sai tabaran da aka yi musamman domin zangon nanomita 450, kuma mafi alheri a rufe na'urar cikin akwati, musamman inda yara suke kai da kawo.

Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. Na filawud da katakon garin icce da ake kira MDF yana ɗauke da sinadaran gam, ciki har da fomaldihayid mai cutar da hanyoyin numfashi. Robar PVC, da fatar kanti ta roba da ake rufe kujeru da ita, suna fitar da iska mai kulorin wadda take ƙona huhu take kuma cinye ƙarfen na'ura, saboda haka kada a kusantar da su. A ja hayaƙi da fanka zuwa waje, kada a bar na'ura tana aiki ba kowa a wurin, a kuma ajiye bokitin yashi kusa. Wanda ya san yadda wuta take gudu a cikin busasshen katako da hunturu ba ya bukatar dogon bayani. Rigakafi ya fi magani.

Aikin Da Ke Gaban Makarantu

Malami zai iya cewa makarantarsa ko kujeru ba su isa ba balle leza. To, rabin wannan bincike ba ya bukatar na'urar. Ɗalibai su karɓo guntayen itatuwa daga kafintocin Samaru da Sabon Gari, su rubuta sunan kowanne da Hausa da kuma na kimiyya. Su auna tsawo da faɗi da kauri da rula, su auna nauyi a sikeli, su fitar da nauyin kowane icce gwargwadon girmansa. Su busar da guntu a tanda mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa. In ya tashi daga giram 58 ya koma 50, ruwansa kashi 16 ne cikin 100. Su yanko siririn falle da reza su duba bututun a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Su maimaita awon a watan Agusta da watan Janairu. Wannan kaɗai ya haɗa ilimin halittu da fiziks da lissafi a aiki ɗaya, da kayan da ba a saya ba.

Sauran rabin, na'ura ɗaya a rufaffen akwati ƙarƙashin kulawar malami ta isa makarantu da dama. A zana ƙananan murabba'ai a jere a kan kowane icce, gudu yana canzawa daga hagu zuwa dama, yawan zagaye daga sama zuwa ƙasa, a ga wanda ya faɗo da bakin da ya fi tsabta. Abin da zai fito shi ne teburin saiti na itatuwan ƙasar Zazzau a damina da rani, wanda kowane matashi mai na'ura zai amfana da shi.

Samaru ba baƙuwar irin wannan aiki ba ce. Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta yake komawa 1922, ta yi suna ne da gwada iri a ƙasar nan da ruwan nan, har irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ta fitar suna ɗauke da sunan garin: SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. A Samarun kuma akwai tashar binciken itatuwan savana ta Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, ga sassan ilimin tsirrai da fiziks da zanen masana'antu na jami'a. Kulob-kulob ɗin JETS na makarantun sakandare da rassan Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, STAN, wadda aka kafa a 1957, su ne ya kamata su ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi su nemi a haɗa hannu.

Saboda haka kira a nan shi ne, matashin da na'urarsa ta ƙi yanka ya dakata da neman kuɗin babba, ya sayi littafin rubutu da rula, ya je wurin kafintan unguwarsu ya tambayi sunan iccen da yake ƙonawa. Malamin kimiyya kuma ya sa auna itatuwan gari cikin ayyukan zangon karatu mai zuwa, ya fara kafin damina ta ɗauke domin a sami awon da za a kwatanta da na hunturu. Amfanin ilimi dai aiki da shi.